Malam Musbahu da Kalmar da Ta Karya Ƙafar Garba

Shekara talatin da huɗu Malam Musbahu Lado ya yi yana barin gida a unguwar Waziriyya da ke Jidda da zarar an sallame sallar asuba. Ba ya karyawa a gida. Yakan tsaya wajen Bayamanen da ke gasa gurasar da ake kira tamis a bakin layi, ya sayi guda ɗaya da ɗan wake, ya hau motar ma'aikata. Kafin ƙarfe bakwai yana zaune a ɗan akurkin ɗakinsa na bakin ƙofar sito, can bayan tashar jiragen ruwa, inda wani kamfanin dakon kaya ke tara siminti da rodi da katako kafin a rarraba su cikin gari. A takarda, aikinsa bai wuce abu uku ba: mota ta shigo ya duba takardarta, za ta fita ya buga mata hatimi, ya ɗaga sandar ƙofa. A kan teburinsa akwai hatimin, da fulas ɗin shayi, da wani tsohon ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya mutu tun tuni, aka yi masa sabo da takardar buhun siminti.

Bana ya ajiye aiki. Kamfanin ya ba shi agogon bango. Mu da muka san abin da ya yi a bakin ƙofar nan muna ganin agogo bai isa ba, shi ya sa aka rubuta wannan.

Mutumin Ringim ne. Ya yi makarantar horon malamai, ya koyar a firamare shekara shida, sannan ya zo aikin Hajji a 1976 bai koma ba. Ya fara da dako kamar kowa, buhu a kafaɗa, rana a ka. Wata rana wani magatakarda ya gan shi yana karanta rubutun jikin akwati yana gaya wa abokansa wane gefe ne sama, sai aka kira shi ofis. Kamfanin ya tsaya masa ya zama kafilinsa, wato mai lamuninsa, ya sami iƙama, takardar izinin zama, aka zaunar da shi a ƙofa.

A shekarun nan jiragen ruwa layi suke yi a teku suna jiran a sauke su. Sito ya cika da mutanen ko'ina: 'yan Filifin a kan injin ƙugiya, Indiyawa a ofis, Yamanawa da Sudanawa da Hausawa a ƙasa. Ana aiki da gutsuren Larabci da gutsuren Turanci, sauran a cike da hannu. Yawancin lokaci ana fahimtar juna. Ranar da ba a fahimta ba, Garba ne ya biya da ƙafarsa.

Garba direba ne, mutumin Funtuwa, ya shekara goma yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas kafin ya zo Jidda. Wata Talata a 1979, bayan azahar, ya shigo sito da mota ba kaya. A lokacin injin ƙugiya ya ɗaga damin rodi sama, mai ba injin hannu kuma, wani ɗan Filifin mai suna Rodel, ya hango igiyar ƙarfen tana tsintsinkewa. Sai ya ruga yana kaɗa hannu yana yi wa Garba ihu da Turanci: "Clear! Clear!"

Duk direban da ya taɓa jan mota a Najeriya ya san kiliya. In ɗan sanda ya ce maka kiliya, sai ka raɓe gefen hanya ka tsaya. Haka Garba ya yi. Ya karya sitiyari ya raɓe jikin katanga, ya ja birkin hannu, ya kashe mota, daidai ƙarƙashin damin. Igiya ta tsinke. Rodi ya sauko a bayan kan motar ya murƙushe shi, ƙafar Garba ta dama ta karye wuri biyu. Da ya ƙara taku ɗaya baya, da ba a ƙafa abin ya tsaya ba.

Kashegari mudir, wato manajan sito, wani Basudane mai saurin yanke magana, ya tara shaidu. Rodel ya rantse cewa ya ce wa direban ya bar wurin, mutum biyar suka ce sun ji. Garba daga gadon asibiti ya aiko cewa tsayawa aka ce ya yi, Hausawa uku suka ce su ma haka suka ji. Mudir ya ce kalma ɗaya ce, ba ta da fuska biyu, direban ne ke ƙarya don ya rufe gangancinsa. Da zarar an cire masa filasta za a soke iƙamarsa a sa shi a jirgi. A can bayan sito kuma, Hausawa sun fara shawarar inda za su tare Rodel.

Malam Musbahu yana ƙofa lokacin da abin ya faru, ya kuma ji ihun da kunnensa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, shi ma kiliya ya ji. Shi da ya koyar da Turanci shekara shida, da shi ne a kan sitiyarin, da abin da Garba ya yi zai yi. Ya buɗe ƙamus ya tarar kalmar ta cinye fiye da shafi guda, kuma a duk shafin babu inda aka ce raɓewa gefe a tsaya. Bai tsaya nan ba. Ya tambayi magatakardan Ba'indiye. Ya tari wani injiniyan jirgin ruwa, Bature, da ya zo duba kaya, ya tambaye shi. Ya je ya zauna da Rodel, wanda ya yi kwana uku ba ya iya cin abinci. Sai a rana ta huɗu ya ƙwanƙwasa ƙofar mudir.

"Ya mudir, babu maƙaryaci a cikinsu," in ji shi. "Rodel ya faɗi daidai, Garba ya ji daidai. Kalmar ce ta je ƙasarmu ta koyi wani aiki dabam."

Mudir ya ce, "Kai mai ƙofa ne ko lauya? Halas, an gama magana."

"A ba ni awa ɗaya. Ka tsaya a fili da kanka, duk motar da ta shigo ka yi mata ihun da Rodel ya yi, ka ga abin da direban zai yi."

Mudir ya dube shi ya ce, "In na tsaya a rana a banza, jirgin da zai ɗauki Garba yana da kujera biyu."

Malam Musbahu yana da mata da jaririya a lokacin, iƙamarsa kuma ba ta cika shekara biyu ba. Ya ce ya yarda.

Aka hana kowa zuwa ƙofa don kada a tsegunta wa direbobi. Mota ta farko ta shigo, direban Bakano ne. Mudir ya ɗaga hannu ya yi ihu. Bakano ya raɓe gefe, ya ja birki, ya leƙo yana tambayar laifin da ya yi. Ta biyu Bakatsine, shi ma haka. Ta uku ɗan Filifin ne, yana jin ihun ya sa giyar baya ya fice daga filin har yana neman tura sandar ƙofa. Ta huɗu Bazazzagi, ya raɓe ya kashe mota. Mudir ya juya ya koma ofis.

Ba a kori Garba ba. Kamfanin ya ci gaba da jinyarsa har ya warke, ya koma kan mota da ɗan ɗingishi, ya ƙara shekara ashirin yana tuƙi. Malam Musbahu ne ya kama hannun Rodel ya kai shi asibiti gaishe shi, masu shirin tare hanya kuma suka watse da kansu. Daga ranar aka sa doka a sito: in akwai haɗari, usur za a busa, a kuma yi ihu da kalma ɗaya da kowa zai koya. Aka ce Malam ya zaɓa, ya zaɓi "Gudu!" Har yau in ka shiga siton nan za ka ji ɗan Filifin ko ɗan Bangaladash yana ihun gudu da Hausa, bai ma san yaren wa yake yi ba.

Kai ne, Malam, ka sa zamanka a ƙasar nan cikin haɗari saboda direban da ba danginka ba, ba ma garinku ɗaya ba. Ba ka ce namu ne ke da gaskiya ba, ba ka ce nasu ba. Ka je ka bincika tukuna.

Bayan wannan ne ya fara ɗan karatun da aka san shi da shi. Kullum bayan la'asar, kafin motar ma'aikata ta tashi, yakan zauna a inuwar katanga minti goma sha biyar, duk mai so ya zo. Ba ya koyar da nahawu. Kalma ɗaya yake ɗauka daga cikin waɗanda ake ji a wurin aiki, ya juya ta gaba da baya. Kuma duk sabon da ya zo, da kalmar da ta karya ƙafar Garba ake fara masa.

Yakan ce, "Asalinta, babu abin da ya tare. In ruwa ne, garau yake, kana ganin ƙasan kofi. In sama ce, ba gajimare. In magana ce, ta fito fili, ba ka bukatar a maimaita, nan tana tafiya da plain. In hanya ce, a buɗe take, wuce. In kaya ne a tasha, kwastan sun sallame su, shi ne abin da nake buga wa hatimi. Amma in mutum ya daka maka ita da ƙarfi yana kaɗa hannu, to kai ne abin da ya tare, kawar da kanka. Nan ƙawarta move away ce."

Wani ya taɓa tambayarsa ko ba ɗaya suke da clean ba. Ya ce, "Maƙwabta ne, ba gida ɗaya ba. Clean datti aka cire. Clear abin da ya tsaya a wurin aka cire. Ɗaki yana iya zama clean alhali cike yake da kaya har rufi. Yana iya zama clear alhali ƙura ce ko'ina. In kana nufin ba komai a ciki, empty ta fi kusa."

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙure haƙurin mutane. In ka zo da sauri ka ce, Malam mene ne ma'anar kaza, ba zai amsa ba sai ya tambaye ka abu uku: wa ya faɗa, a ina ya faɗa, me yake yi lokacin da ya faɗa. Mutane kan ce Malam ya cika jan rai. Shi kuwa ko a jikinsa. In bai sani ba yakan ce, "Ban sani ba, dawo gobe," kuma in ka dawo goben za ka tarar ya tambayo.

A 1994 wani lebura a siton, Mato, mutumin Tasawa, ya zo masa da takarda yana murmushi. Mato da iyalinsa suna haya a wani tsohon gida a Bagdadiyya tare da iyalai goma na Hausawa. An sayar da gidan, wakilin sabon mai shi, wani Bafakistane, ya liƙa musu sanarwa da Turanci. Wani Jabiru mai sayar da turare, wanda bai daɗe da zuwa ba kuma ya yi sakandare, ya karanta ya ce sabon mai gida yana so a tsabtace gidan cikin kwana talatin. Suka tashi haiƙan. Mata suka wanke matakala, maza suka kwashe bola, aka yi wa zaure farin fenti. Mato ya kawo takardar ne don Malam ya rubuta musu amsa cewa sun gama tun kafin wa'adi.

Malam ya karanta sau biyu. An rubuta clear the building. Ya cire tabarau ya ce, "Mato, yau kwana nawa da liƙa wannan?"

"Sha tara, Malam."

"To ba shara aka ce ku yi ba. Tashi aka ce ku yi. Saura kwana goma sha ɗaya."

Mato ya zauna a ƙasa. Akwai tsofaffi a gidan, akwai mai jego, akwai waɗanda takardunsu ba su cika ba, waɗanda in aka zo fitar da mutane da hukuma ba a titi za su tsaya ba. Malam ya nemi izinin rabin yini, ya ɗauki dattijon gidan suka je wajen wakilin. Ya yi masa bayanin abin da ya faru, ya ce ya zo ya ga fentin da idonsa in yana shakka. Wakilin ya zo ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya ƙara musu wata biyu. A cikin wata biyun nan Malam ya bi layukan Waziriyya ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ɗakunan haya, har kowane iyali ya sami inda zai sa kai.

Mutanen gidan sun so su ci mutuncin Jabiru. Malam ya hana. Ya ce, "Yaron nan rabin kalmar ya sani, ni ma rabinta na sani har na kai shekara talatin. Laifinsa ɗaya, bai ce bari in tambaya ba." Jabiru ya shekara biyu yana zuwa inuwar katanga duk Alhamis.

Ba a rufe wata shida ba kalmar ta sake dawowa gidan Mato ta wata ƙofar. Matarsa Rahamatu ta yi fama da tari, ga lokacin sabunta takardunta ya zo, aka tura ta hoton ƙirji. Kowa ya san in aka ga tabo a huhu, zama ya ƙare. Likitan Ba'indiye ne, ga layi a bayanta. Ya ɗaga hoton ya duba, ya miƙa mata takarda yana kaɗa hannu: "Clear, clear. Halas, yalla."

Rahamatu ba ta jin Turanci, amma wannan kalmar ta san ta, ita ce ta tashe su daga Bagdadiyya. Ta koma gida ba ta gaya wa kowa ba. Kwana uku tana ɗaure kaya a ɓoye. Ta kai wa maƙwabciya kaskon da take suyar gyaɗa, ta fara yi wa 'ya'yanta wasiyyar yadda za su kula da ubansu. Sai da Mato ya tarar da akwati a bayan ƙofa sannan ta fashe da kuka. Ya kawo ta gidan Malam ranar Laraba da yamma.

"Baba Malam, lokotoro ya kore ni," in ji ta. "Abin da aka rubuta mana a wancan gida, shi ya faɗa mini, har sau biyu."

"Yana faɗa yana kallon me, Hajiya? Ke ko hoton?"

Ta tuna, ta ce, "Hoton."

Ya karɓi takardar ya karanta. "Abin da ke nan, huhunki garau yake, babu tabo, babu komai. Ba ke ya ce ki tashi ba. Ciwon ne babu shi."

Ta dube shi, ta dubi mijinta. Malam ya ga ba ta gamsu ba, tana zaton lallashinta yake yi. Sai ya ce, "Gobe da safe mu koma tare." Suka koma, ya bi layi da su, ya roƙi likitan ya maimaita a hankali, shi kuma yana fassarawa jimla bayan jimla. Likitan ya ji kunya, ya ba ta haƙuri, ya rubuta mata maganin tari. A hanyar dawowa Rahamatu ta ce a tsaya gidan maƙwabciya, ta shiga ta karɓo kaskonta.

Irin waɗannan suna da yawa, waɗanda aka sani da waɗanda shi da masu su kaɗai suka sani. Ba a taɓa ɗaukarsa aikin tafinta ba, ba a taɓa rubuta sunansa a kan wata takarda da ya warware ba. Shekara talatin da huɗu ana kiransa mai ƙofa.

Yanzu ya haura sittin. Yanar ido ta fara rufe masa gani, ba ya iya karanta ƙananan rubutu. Amma har yau in ka bi ta layinsu bayan la'asar za ka ga mutum biyu ko uku a kan benci da takardu a hannu. 'Yar autarsa Zubaidatu, haifaffiyar Jidda, wadda Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, ita ke karanta masa da ƙarfi, shi kuma ya rufe ido ya saurara, sannan ya fara tambayoyinsa. Takan ce, "Ya Baba, halas, gaya masa mana, mutumin yana sauri." Shi kuma ya ce, "Saurin ne ya kawo shi nan."

Ranar Juma'ar da aka yi masa walimar ajiye aiki, aka ce ya yi jawabi. Ya miƙe, ya yi salati, ya ce, "Ni ban san Turanci da yawa ba. Akwai yara a nan da suka fi ni nesa ba kusa ba. Abin da kawai zan iya faɗa a gaban Allah, ban taɓa gaya wa mutum ma'anar da ban tabbatar ba don kada a ce Malam bai sani ba." Ya zauna. Jawabin ke nan.

Malam Musbahu, gatan baƙo a bakin ƙofa, mun gode. Kai ne ka nuna mana cewa wanda ya karanta wa ɗan'uwansa takarda, amana ya ɗauka, domin a kan abin da ya faɗa mutum zai tsaya ko ya gudu, ya zauna ko ya ɗaure kaya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya, Ya haskaka idon nan, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma matasanmu da ke Jidda, ku da kuka yi boko kuke jin Turanci da Larabci da Faransanci, kullum akwai wanda zai miƙo muku takarda yana kallon fuskarku. Ku karɓa, kada ku ce ba ku da lokaci. Ku karanta har ƙarshe. In kun sani, ku faɗa masa dalla-dalla har ya gane. In kuwa ba ku sani ba, ku buɗe baki ku ce ba ku sani ba, sannan ku je ku tambayo. Benci yana nan a Waziriyya, mai shi kuma yana da rai.